Yadda ake kama gidan hutu a karkara a yi kwana biyu ko uku cikin kwanciyar hankali

A otal, idan ruwa ya ɗauke cikin dare, waya za ka ɗaga a turo maka ma'aikaci. A gidan hutu na karkara kuwa, mai gidan yana iya kasancewa a wani gari mai nisa, wayarka ma ba lallai ta samu sabis ba. Kai ne baƙo, kai ne kuma mai kula da gidan har ranar da za ka mayar da makulli. Ga shi hutun gajere ne: wanda ya zo kwana biyu ya ɓata rabin yini yana neman ashana ko mai gyaran famfo, ya yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu na hutunsa. Shi ya sa yawancin aikin ake gama shi tun kafin a bar gida, sauran kuma a cikin sa'ar farko da isowa.

Kayan da za ka tanada

Tocila biyu, ɗaya ta hannu, ɗaya irin wadda ake ɗaurawa a goshi, domin ranar da za ka duba mita ko ka canza taya cikin duhu kana bukatar hannuwanka biyu. Kada ka dogara da tocilar waya, batirin wayar ya fi wannan amfani.

Fawa bank cikakke da caji. Mai ƙarfin 20,000 mAh yakan cika waya sau uku zuwa huɗu. Haɗa da igiyar caji ta mota.

Ashana ko laita, da wuƙar kicin mai kaifi a naɗe cikin tsumma. Wuƙaƙen gidajen haya kusan kullum dakusassu ne, ban san dalilin da ya sa masu gidajen ke sayen labule mai tsada su manta da wannan ba.

Ruwan sha na kwanakin duka, a ƙiyasta lita uku ga kowane mutum a rana, ban da na girki da wanke-wanke.

Gishiri, man girki, sukari, ganyen shayi, sabulun wanke-wanke da soso, takardar bandaki, da ledojin shara. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne suka fi sa mutane komawa gari.

Akwatin magani: farasitamol, bandeji, filasta, maganin wanke ciwo, fakitin gishiri da sukari na masu gudawa, matsefata, da maganin shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET. Duk mai shan magani kullum ya ƙara na kwana biyu a kan abin da yake bukata.

Rufaffen takalmi, da rigar sanyi ko da lokacin zafi ne, don daren fili ya fi na birni sanyi.

Tsabar kuɗi kaɗan, saboda inda babu sabis na'urar cirar kuɗi ba ta aiki.

Na'urar da ke yin ƙara idan iskar kabon monoksaid mai guba ta taru a ɗaki. Akwai ƙarama mai batir da ke shiga aljihun jaka. Zan yi bayaninta a mataki na 6.

Idan da motarka za ka je: safaya mai iska, jak, sifana, da tanki cike da mai.

1. Zaɓen gidan

Fara da nisa, kafin kyau. Ga hutun kwana biyu, ni ba na wuce tafiyar sa'a uku. Fiye da haka, hanya ce za ta cinye ranar zuwa da ranar dawowa, a bar maka yini ɗaya tal.

Manyan wuraren nema a intanet su ne Airbnb, wanda aka kafa a San Francisco ta Amurka a 2008, da Booking.com da ya faro a ƙasar Holan a 1996, da Vrbo wanda gida sukutum kawai yake bayarwa, ba ɗaki a cikin gidan wani ba. Wasu ƙasashe suna da nasu tsarin tun kafin zuwan intanet, kamar Gîtes de France a Faransa da ke aiki tun 1955. Ko'ina ka nema, hanyar tantancewa ɗaya ce.

Karanta ra'ayoyin waɗanda suka sauka a gidan, ka fara da na baya-bayan nan. Yabon shekara uku da suka wuce ba ya gaya maka halin da rufin yake ciki yau. Ka fi ba da hankali ga masu matsakaicin maki, su ne sukan faɗi alheri su faɗi aibi. Ƙorafin mutum ɗaya yana iya zama halinsa ne. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka ambaci ƙarancin ruwa ko warin danshi, to ka yarda da su.

A hotuna kuma, abin da ba a nuna ba shi za ka nema. Hoto ashirin na faɗuwar rana da furanni, babu ko ɗaya na bandaki ko kicin, wannan ma bayani ne. Roƙi mai gidan ya turo maka, gani ya kori ji. Sannan buɗe taswira a yanayin hoton tauraron ɗan'adam ka duba kewayen: gidan da aka ce "shiru kamar me" wani lokaci yana jingine da babbar hanya ko wurin fasa dutse.

2. Tambayoyin da za ka yi kafin ka biya

Rubuta su a saƙo ɗaya, a cikin manhajar da ka samu gidan, domin amsar ta zama shaida.

Daga ina ruwan gidan yake zuwa, famfon gwamnati, rijiyar burtsatse, ko tanki da ake cikawa? Ana shan sa? Wutar fa, ta layi ce, ko sola, ko janareta, kuma wa ke sayen man? Wane kamfanin waya ne ke da sabis a cikin gidan, ba a kan tudun bayan gida ba? Ƙaramar mota tana iya kaiwa ƙofa bayan an yi ruwan sama? Akwai zanin gado da tawul, ko da nawa zan zo? Da me ake girki, kuma akwai gas a tukunyar? Ina asibiti mafi kusa, minti nawa ne a mota? Wa zan kira idan wani abu ya lalace, kuma yana kusa?

Yadda aka amsa ya kai amsar kanta muhimmanci. Mai gidan da ya ce "komai akwai, kada ka damu" bai amsa ko ɗaya ba. Wanda ya ce maka ruwan zafi yana ɗaukar minti ashirin kuma hanyar tana da rami a kusa da gada, shi ne wanda ya san gidansa, gidansa nake kamawa. Wanda kuwa ya yi kwana biyu bai amsa ba alhali yana neman kuɗinka, yi tunanin yadda zai yi bayan ya karɓa.

3. Biya da sharuɗɗa

Dubi jimillar kuɗin, kada ka tsaya a kan na kwana ɗaya. Ana ƙara kuɗin shara, da ladan manhaja, wani wurin da harajin baƙi. Kuɗin shara sau ɗaya ake biyansa ko kwana nawa za ka yi, saboda haka ya fi nauyi a kan gajeren hutu. Gida mai arha a kwana yana iya fin wani tsada idan aka haɗa komai. Gidaje da yawa kuma ba sa karɓar ƙasa da kwana biyu a ƙarshen mako.

Karanta sharaɗin fasawa: har zuwa yaushe za a mayar maka da kuɗi duka, yaushe rabi, yaushe babu ko sisi. Idan akwai kuɗin ajiya na ɓarna, a rubuta nawa ne da ranar da za a dawo da shi.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne biya a wajen manhaja. Wani zai ce ka turo kai tsaye a asusunsa ya rage maka. Airbnb yana riƙe kuɗin baƙo ne, sai bayan kamar sa'a 24 da shigarsa gidan ake sakar wa mai gida, kuma wannan riƙon shi ne kariyarka. Ka fita daga ciki, ba ka da wurin kai ƙara. Idan gidan ba ya kan kowace manhaja, ta hannun wani ka same shi, to ba da kafin alƙalami kaɗan, a rubuta yarjejeniya ko da ta saƙon waya ce, ragowar sai ka ga gidan da idonka. Kiran bidiyo da mai gidan yana zagayawa da kai ɗaki-ɗaki yana kawar da yawancin 'yan damfara, domin ba su da gidan da za su nuna.

Faɗi gaskiyar yawanku. Ƙarin mutum biyu da ba a sani ba yana iya zama dalilin korarku, ban da cewa tankin ruwan da sokawen an yi su ne daidai wani adadi.

4. Hanya

Adireshin karkara ba abin dogaro ba ne. Nemi mai gidan ya turo maka ainihin wurin a taswira, da kwatance a rubuce: bayan gada ta biyu a juya hagu, ƙofa mai launi kaza. Tun kana gida, sauke taswirar yankin a Google Maps don amfani ba tare da data ba. GPS na waya yana aiki ko babu sabis, taswirar ce kawai ke bukatar a sauke ta tun da wuri. Ɗauki hoton allon saƙonnin mai gidan, da lambar akwatin makulli idan akwai, don kada ka tsaya a ƙofa kana jiran saƙo ya buɗe.

Inda taswira da mai gida suka saɓa, bi mai gida. Taswira gajeriyar hanya take nema, ba ruwanta da ko rafi ya cika.

Sha mai a gidan mai na ƙarshe da ka tabbatar da shi, ka yi cefane a babban gari na ƙarshe. Gaya wa wani a gida inda za ka da ranar dawowa.

Sai babban sharaɗi: isa da sauran rana, aƙalla sa'a biyu kafin faɗuwarta. Yawancin gidaje suna buɗe wa baƙo ne daga ƙarfe 3 ko 4 na yamma, don haka lokacin ba shi da yawa. Idan aiki ya riƙe ka har ka ga dare zai yi maka a hanyar da ba ka sani ba, gara ka kwana a gida ka yi sammako.

5. Sa'ar farko

Kada a sauke kaya tukuna, kada yara su bazu. Zagaya gidan da waya a hannu kana ɗaukar bidiyo, ka tsaya a kan duk abin da ka tarar da lahani: tsagaggen gilashi, tabo a kujera, karyayyen marfin durowa. Tura wa mai gidan nan take cikin ladabi. Minti biyar ne, amma shi ke raba gardama ranar da aka zo maganar kuɗin ajiya.

Daga nan gwada komai tun mai gidan yana farke kuma shaguna ba su rufe ba. Kunna kowace fitila. Buɗe kowane famfo, ja ruwan masai, kunna murhu, taɓa cikin firji ka ji ko da sanyi. Gwada makullin kowace ƙofa daga ciki da waje. Ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin gefen katifa: ɗige-ɗige baƙaƙe kamar na tawada alamar kuɗin cizo ne, kuma idan ka gan su kada jakarka ta taɓa gadon.

Nemo wurare uku ka nuna wa duk wani babba da ke tare da kai: inda ake kashe wutar gidan baki ɗaya, inda ake rufe ruwa, da inda ake rufe gas. Ga abin kashe gobara, duba ko yana nan kuma allurarsa tana kan kore. Ku san ƙofa ta biyu da za a fita idan ta farko ta toshe.

Game da kyamara: tun 30 ga Afrilu 2024 Airbnb ya haramta kyamarar tsaro a cikin gida kwata-kwata, ta waje kuma dole a bayyana ta a tallar gidan. Ka ga wata a ɗaki ko falo, ɗauki hotonta ka kai rahoto.

Ƙarshe, zagaya waje ka gano inda sabis ya fi ƙarfi. Lambar 112 tana kai kiran gaggawa a duk ƙasashen Tarayyar Turai da wasu ƙasashe da dama, amma tabbatar da lambar ƙasar da kake tun kafin ka taso.

6. Wuta, gas da hayaƙi

Nan zan daɗe, domin sauran matakan na jin daɗi ne, wannan kuwa na rai ne.

Duk abin da ke ƙona mai, gas, itace ko gawayi yana iya fitar da kabon monoksaid idan iska ba ta ishe shi ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke bukata, mai barci kuma ba ya farkawa ya ji ta. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa ake ɗaukarta gajiyar hanya ce ko mura. Abin lura shi ne idan mutum biyu ko uku suka kamu lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da sun fita waje. In haka ta faru, kowa ya fita, a bar ƙofofi a buɗe, a nemi asibiti, kada a koma ciki don ɗauko kaya.

Janareta a waje yake zama, nesa da taga da ƙofa da aƙalla mita 6, bututun hayaƙinsa yana kallon wani gefen. Ba a sa shi a gareji, ko baranda mai rufi, ko lungun kicin, ko da ana ruwa, ko da ana tsoron ɓarayi. Kashe shi ya huce kafin a ƙara masa mai. Gawayin da aka gama gashi da shi ba ya shiga ɗaki don ɗumi, ko ya daina hayaƙi. Murhun girki ma ba abin ɗumama ɗaki ba ne. Na'urar da na ambata a sama, ajiye ta kusa da inda ake kwana. Idan ba ka samu ba, to kada a kwana da wani abu mai harshen wuta a kunne, kuma a bar taga ɗaya a ɗan buɗe.

Gas na tukunya ya fi iska nauyi, idan yana yoyo ƙasa yake kwanciya. Ka ji warinsa, kada ka taɓa makunnin lantarki, kada ka ƙyasta komai. Rufe kan tukunyar, buɗe ƙofofi. Ana gane wurin yoyo da ruwan sabulu: shafa a mahaɗar tiyo, inda ya yi kumfa nan ne.

Idan gidan yana da murhun itace na ɗumama falo, tambayi yadda ake buɗe mafitar hayaƙinsa kafin ka hura, ka yi amfani da busasshen itacen da aka tanada. Toka tana riƙe garwashi fiye da yini guda, a bokitin ƙarfe ake zuba ta.

Gidan sola kuma lissafi yake so. Butar lantarki tana jan wajen wat 2,000, dutsen guga da na'urar busar da gashi su ma sun haura 1,000, alhali ƙwan fitila na zamani bai fi wat 10 ba. Dafa ruwa a gas, yi cajin wayoyi da rana lokacin da farantin sola ke samun hasken, ka bar wa dare batirin.

7. Ruwa da bandaki

Gidan da ya yi makonni babu kowa, ruwan da ke cikin bututunsa ya tsufa. Bar famfo da shawa su zuba na 'yan mintoci, taga a buɗe, kafin a yi amfani da su. Ruwan rijiya ko na tanki, ko ya yi garau, kada a sha sai mai gida ya tabbatar an gwada shi. Idan naka ya ƙare, tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa sosai, a wuri mai tsayin da ya haura mita 2,000 kuma minti uku. Mai gurɓi a fara tace shi da tsabtataccen ƙyalle.

Cika bokiti biyu tun daren farko. Inda injin lantarki ke tura ruwa, ɗaukewar wuta ɗaukewar ruwa ce.

Yawancin gidajen karkara ba su haɗe da magudanar gari, sokawe suke da shi. Ban da takardar bandaki, kada a jefa komai a masai: ba audugar mata, ba ƙunzugun yara, ba tsumman goge jiki mai danshi ko an rubuta cewa yana narkewa. Man girki ma ba a zuba shi a wurin wanke-wanke.

8. Girki

Tsara abincin kowane lokaci tun daga gida, kuma na daren farko ya zama dafaffe wanda ɗumamawa kawai yake so. Kicin ɗin da ba ka saba da shi ba yana ninka lokacin girki. Idan wuta ta ɗauke, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar sa'a 4, firiza cikakkiya kuma har sa'a 48. Babu firji, kula mai ƙanƙara a ciki ta isa kwana biyu, a fara cinye nama da madara. Kada a kwana da kwanuka ba a wanke ba ko shara a buɗe, ɓera da tururuwa ba sa jiran gayyata.

9. Waje da maƙwabta

Wurin da ka zo hutawa, wurin aikin wasu ne. Gaishe da wanda ka tarar, domin shi zai ja motarka idan ta kafe. Gona ba filin yawo ba ce ko babu shinge. Ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta, rufaffiya a rufe, buɗaɗɗiya a buɗe. Kada a ɗauki hoton mutane ba izini, kada a ba dabbobi abinci, kuma a yi nesa da saniya mai ɗan maraƙi. Sauti yana tafiya nesa a fili da dare, mutanen wurin kuma da asuba suke tashi, saboda haka a rage kiɗa da wuri.

Girgiza takalmi kafin a sa ƙafa. Kada a tura hannu cikin tarin itace ko ƙarƙashin dutse ba a duba ba. Bayan yawo cikin doguwar ciyawa, a duba jiki saboda kaska, musamman bayan gwiwa, hammata, ƙugu da gashin yara. Ka same ta, kama ta da matsefata dab da fata ka ja a miƙe a hankali, sannan ka wanke wurin. Ba a ƙona ta, ba a shafa mata mai. Cire ta da wuri yana rage haɗarin cututtukan da take ɗauke da su, irin su cutar Lyme. Idan zazzaɓi ko jan zobe ya fito a wurin cikin makonnin da suka biyo baya, a ga likita a gaya masa.

10. Idan wani abu ya lalace

Ɗauki hoto, rubuta wa mai gidan nan take, ka ba shi lokacin gyarawa. Kada ka kwance famfo ko ka buɗe akwatin wuta da sunan taimako, duk abin da ya ƙara lalacewa a wuyanka yake. Idan bai amsa ba ko matsalar babba ce, kai ƙara ga manhajar. A Airbnb ana so a kai rahoto cikin sa'a 72 da gano matsalar, wanda ya bari sai ya koma gida yakan rasa hujja. Abin da kai ko yaranka suka fasa kuwa, faɗa da bakinka, yawanci kofi ko faranti ba a ma cajin sa.

11. Ranar tafiya

Ana fita yawanci ƙarfe 10 ko 11 na safe, kuma masu shara suna jiran lokacin don baƙon da ke tafe. Haɗa kaya tun dare. Da safe wanke kwanuka, kwashe abincinku daga firji, mayar da kujerun da aka matsar. Shara a bi abin da takardar gidan ta ce, inda babu mai kwashewa a sa ta a but ɗin mota a tafi da ita gari. Duba ƙarƙashin gado, bayan ƙofar bandaki da kowane soket, nan ake barin caja. Rufe gas daga kan tukunya, tabbatar murhu ya mutu, kashe fitilu da fanka, rufe tagogi. Sake ɗaukar bidiyo irin na ranar farko, har da mita idan ana cajin wuta daban. Ajiye makulli inda aka ce, ɗauki hotonsa a wurin, ka tura wa mai gidan saƙo cewa kun fita da ƙarfe kaza, tare da duk wani ƙaramin gyara da ka lura gidan yana bukata.